Kunnen da Na Ɓoye a Gidan Zabarmawa

Mamobi, Akra.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ummi, 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan motar da ta ɗauke ki ta sauke ki Kumasi lafiya, ke da akwatinki da ƙafafunki biyu. Allah Ya tsare ki daga direba mai gyangyaɗi, da mai tallan magani a cikin mota, da mai gidan haya mai yawan murmushi. Amin.

Da gangan na sa takardar nan a ƙarƙashin kwalbar shito, don na san ko me za ki manta a akwati, ba za ki manta da yaji ba. Na so in yi miki saƙon murya, sai na tuna yadda kike sauraron nawa: ki danna wani abu, in koma magana da gudu kamar akun da aka taka wa jela. Takarda ba ta da wannan madanni. Nemi wuri ki zauna.

Babanki ya tsegunta mini abin da kika ɓoye mini. Gidan rediyon Kumasi da ya ɗauke ki aiki ya ba ki zaɓi. Ko ki zauna a sashen Turanci kina miƙa wa masu karanta labarai takarda da ruwan sanyi har Allah Ya sa wata ta tafi haihuwa, ko ki karɓi ɗan shirin Zabarmanci na rabin awa da tsohon da ke yin sa ya ajiye saboda ciwon ƙafa. In kin ƙi, za su sayar wa mai maganin basir filin. Wai kuma kin riga kin yanke, ranar Litinin za ki ce musu a'a, don Zabarmancinki gurgu ne, kuma ƙawayenki na makarantar jarida za su yi miki dariya.

Ban ce ki fasa ba tukuna. Cewa na yi ki ji irin wautar da uwarki ta yi da harshe, sannan ki je ki yi taki da ido buɗe.

Kin san ni da atamfa a kasuwar Nima, amma kafin atamfa kokon Inna na tallata a kasuwar Tudu, ina ƙarama. Inna, mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ba ta bar mini gida ko zinariya ba. Magana ɗaya ta bar mini. Ta ce, “Lanti, harshe biyu ne a kasuwa, na nunawa da na ɓoyewa. Na nunawa shi ke kawo mai saye. Na ɓoyewa shi ke gaya miki abin da ke cikinsa.” A kan wannan na tashi. Tonanci, yaren Asante, na shimfiɗa shi gaban tebur kowa ya gani. Yaren Ga na ajiye shi don faɗa da masu kifi. Ɗan Turancin da na samo a makaranta na tanade shi don masu karɓar haraji. Zabarmanci kuwa, da na tsinta a bakin dillalan atamfar Tudu ina zuba musu koko, na ninke shi na sa can ƙasan adaka. Da na girma na koma sari wurinsu, sai su yi ta shawara a gabana. Wannan ya ce wa wancan, “Kada ka sauko mata tukuna, amma in ta juya za ta tafi, sakar mata.” Ni kuwa ina kallon silin kamar saniyar da ake yi wa wa'azi. Sai in juya zan tafi. Sai a sakar mini.

Wautata ta farko, na ɗauki harsuna kamar tumatir, na ware manya na zubar da ƙanana. 'Yan matan Arewacin Gana masu dako da kwano a ka, waɗanda muke ce wa kayayo, shekara da shekaru suna ɗaukar mini kaya, ban taɓa koyon ko sannu da Dagombanci ba. Me zan saya da shi? Wata rana na baza kaya a bakin titi, wurin da kowa ya san an hana, kowa kuma yake bazawa. Sai ga wata kayayo a guje tana ihu da yarensu. Kafin in gyara ɗankwali, mai takalma ta nannaɗe, mai agogo ya ɓace, har makahon da ke zama gefena ya ga hanya. Ni kaɗai na rage ina cewa, “Wai lafiya? Gobara ce?” Motar masu kwashe kayan bakin titi ce. Suka same ni zaune daram kamar mun yi alkawari. Ashe duk layin an san kalmar nan guda, don kayayo ne ke fara hango motar. Ni ce kaɗai na fi ƙarfin sanin ta.

To ki riƙe wannan, ke da za ki ci abinci da labari. Labari ba ya fara sauka a babban harshe. Kafin ya sa kwat ya shiga Turanci, ya riga ya sha shayi da masu gadi, ya hau torotoro, motar hayarmu, da 'yan dako, ya kwana a bakin mai wanki. Wadda ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu, jiya take karanta wa mutane.

Wauta ta biyu ta fi girma, kuma ita ce ta shafe ki. Da babanki ya fito neman aurena, Bazabarme ɗan Mamobi mai sayar da kayan mota a Abosi Okai, ya tambaye ni ko ina jin yarensu. Ummi, bakin kasuwa ya riga na gida fitowa. Kafin in yi tunani na ji kaina ina cewa, “Ko kalma ɗaya.” Na ce a raina bari in shiga gidan in ji abin da dangin miji ke faɗa, in na zauna sosai sai in bayyana. To, irin wannan ƙarya zoben yarinta ce. Tana shiga da sauƙi, sai yatsa ya yi ƙiba a kanta. Kafin lallen ƙafata ya goge na riga na ji abin da in na ce na ji, gidan zai watse. Na ji gwaggonki Hawa ta ce tafiyata irin ta agwagwa ce. Na ji wata ta ce kayan ɗakin sun fi amaryar kyau. Ina tsaye a gabansu ina miƙa musu goro, ina murmushi.

Kakarki kuwa, wadda kika ci sunanta har bakina ba ya iya kiran ki da shi, ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. Ba ta ma cika yi mini magana ba, kin san surukuta. Da Hausa, “Sannu, an gode, Allah Ya yi albarka,” shi ke nan. Amma tana da mage. Wannan ta mutu a kawo wata, duk aikinsu ɗaya ne, su zauna gefen tabarma a gaya musu laifina da Zabarmanci. “Mage, yau teku aka tafasa mana aka ce miya ce.” “Mage, wasu in suna shara, ƙarƙashin gado ba ya cikin ƙasar Gana.” Ina wanke-wanke, ina ji, ina cizon leɓe.

Sai aka haife ki. A cinyar kakarki kika buɗe baki, don haka da Zabarmanci kika fara. Nan na shiga uku. Ranar wani suna a Kotobabi, na ci ado da leshin da ban taɓa sawa ba, kina kan cinyata, gwaggwanninki sun kewaye mu. Kika ɗago kai kika gaya mini da Zabarmanci tsantsa cewa fitsari ya matse ki. Na ji sarai. Amma duk idanu na kaina. Na ce, “Me take cewa ne?” Kafin gwaggonki Hawa ta gama dariya ta fassara, kin riga kin fassara mini da kanki, da ɗuminsa.

Muna komawa gida na kafa wa babanki doka, a daina yi wa yarinya yare, zai toshe mata Turanci. Haka 'yan boko ke faɗa a lokacin, shi ya sa ya yarda. Gaskiyar magana, leshina nake karewa. Don haka in kin ce Zabarmancinki gurgu ne, ni na karya masa ƙafa. Ɗan abin da ya rage miki, kakarki ce ta yi ta ɗura miki a ɓoye tare da alewa. Ranar da Allah Ya ba ki naki, ki bar su su kwashi duk yaren da ya faɗo a tsakar gida. Kan yaro ba kwalbar shito ba ne da za a ce ya cika.

Yanzu ga ta uku, wadda duk Mamobi ta sani, sai ke, don kina makarantar kwana a lokacin, kuma na rantsar da kowa.

Akwai wani ɗan gidan rediyo nan Akra da ke ba Zabarmawa fili ranar Laraba bayan la'asar. Wani tsohon tela ne ke yi, Baba Sumaila. Ba shi da muryar rediyo ko kaɗan. Yana tari a cikin makirufo, yana mance sunan wanda ya kira, wata rana har muka ji shi yana cinikin zare. Amma da ya ce “Fofo,” wato sannunku, kekunan ɗinkin Mamobi sai su tsaya cak. Shi ke faɗin wanda ya rasu a Doso, da wadda ta sauka lafiya a Madina ta nan Akra, da wanda motar albasarsa ta maƙale a kan iyaka. Kakarki sai ta yi wanka, ta shafa turare, ta yafa farin mayafi kafin ta kunna rediyo, kamar za a gan ta daga ciki. Ni ma ina ji a shago, da 'yar igiyar kunne a ƙarƙashin ɗankwali. Wanda ya tambaya in ce tafsiri ne.

Ran nan maganar da aka ɗauko ita ce, me ya sa 'ya'yan zango ba sa jin yaren iyayensu. Sai ga muryar Alhaji Hamani mai albasa, abokin babanki. Ya ce, “Laifin matan Hausawan da muke aura ne. Kunnensu dutse ne. Akwai wata a Mamobi, matar abokina, mai atamfa, ta tsufa a cikinmu ko fofo ba ta iya ba. Da akuya aka ajiye a gidan, da yanzu tana gaisuwa.”

Mutumin da ke cin tuwona duk Juma'a, har ya nemi ƙari!

Ban san lokacin da yatsana ya danna lambar ba. Na ce sunana Hajiya Fati daga Kotobabi. Na gaida Baba Sumaila yadda ake gaida manya, na tambayi gida, na tambayi gajiya, na tambayi jikin tsufa. Sannan na juya kan Alhaji Hamani. Na ce maza ne ke fita tun asuba su dawo yara sun yi barci, yare kuwa ba cefane ba ne da za a aiko da shi. Na ce duk wanda ke yi wa 'ya'yansa Hausa, ya yi wa mai saye Tonanci, ya ajiye Zabarmanci don gulmar matar abokinsa kawai, shi ya kashe yaren da hannunsa. Na jefa karin magana, na ƙara wani a kai. Duk abin da na haɗiye tun ina tallan koko ya ɓalle lokaci ɗaya kamar babbar kwatar Nima ranar ruwan sama. Baba Sumaila har ya mance da tari, yana ta cewa, “Ku ji! Ku ji 'yar gida ta asali!”

Daidai nan Anti Adiza, maƙwabciyata mai 'yan kunne, wadda Allah Ya ba murya kamar lasifikar tasha, ta leƙo shagona ta ce, “Hajiya Lanti ta Mamobi!” Har ta haɗa da sunan babanki don kada a yi kuskure. “Ajiye wayar nan, ga mai son atamfa!”

Ni kuma, bakin kasuwa dai, na ce, “Ya jira, ina rediyo!”

Rediyon ya yi tsit. Can sai tarin Baba Sumaila ya dawo.

Ban taɓa sanin hanyar Nima zuwa Mamobi tana da tsawo haka ba. Duk telan da na wuce sai ya miƙe ya ce, “Fofo, Hajiya Fati!” Gwaggonki Hawa ta hango ni ta faɗa banɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira magariba. Alhaji Hamani bai sake cin tuwona ba sai da babbar salla ta zagayo, shi ma da kai sunkuye, ba neman ƙari. Dillalan Tudu kuwa, da na koma sari, suka karɓe ni hannu bibbiyu, suka ba ni kujera, suka saya mini lemo, sannan suka juya suka yi shawararsu da Faransanci.

Babanki ya dawo ya zauna bai cire hula ba. Ina ganin sa yana bin rayuwarmu baya-baya, yana duba abin da ya taɓa faɗa. Can ya ce, “Har da maganar tsiren da likita ya hana ni?”

Na ce, “Har da ita, da sunan mai tsiren.”

“Har da addu'ar da nake yi Allah Ya rage miki baki?”

Na ce, “Ina ce maka amin a zuci, Alhaji. Ba a karɓa ba ne.”

Ya gyara zaman hularsa. Sai ya ce, “Har da...” Bai ƙarasa ba, ni ma ban taya shi ba. Mutumin nan da Hausa bai taɓa wuce “abinci ya yi” ba. Amma in ina ɗaura ɗankwali gaban madubi, yakan faɗi wasu maganganu da yarensu, a hankali, yana zaton bango yake gaya wa. Ba zan rubuta miki su ba, ba naki ba ne. Tun daga ranar ya daina, kunya ta kama shi. Cikin duk abin da na rasa, har da rangwamen Tudu, wannan ya fi ci mini rai. Kada ki gaya masa na faɗa miki.

Shi ya sa nake ce miki, Inna ta yi gaskiya a kasuwa, amma ni na kai maganarta inda ba ta aike ni ba. Ki koyi yare don ki shiga wurin mutane, ba don ki laɓe musu a bayan ƙofa ba.

Saura kakarki. Na shiga ɗakinta na durƙusa. Tana kan tabarma da farin mayafinta, rediyo a gefe, mage a gaba. Ba ta dube ni ba. Ta ce da Zabarmanci, “Mage, yau wata Fati ta Kotobabi ta yi magana. Ta iya gaisuwa. Karin maganarta na biyu ne dai ta sa masa wando a ka.”

Na fara ba ta haƙuri, karon farko da yarenta. Ta ce, “Mage, ce mata ta tashi. Tun makon da aka kawo ta na sani. Na ce miki gishiri ya yi yawa, washegari ya ragu. Na ce miki ƙarƙashin gado, washegari aka share. Tun ina yarinya nake kiwon mage, ban taɓa ganin wadda ta rage gishiri ba.”

Ummi, ashe duk shekarun da nake zaton ina yi mata laɓe, makaranta ta sa ni. Abin da kunya ta hana suruka ta gaya wa matar ɗanta ido da ido, ta bi ta kan mage ta gaya mini: girki, wankan jego, yadda ake sauko da ɗanta in ya hau dokin zuciya. Ni da na yi wa Tudu wayo, a cikin gidana aka saye ni aka sayar ban sani ba. Abu ɗaya ta ce bai yi mata daɗi ba, shi ma mage ta gaya wa, a hankali. Ta ce, “Da dai ta bar mini jikata.”

Kin san sauran. Baba Sumaila ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ba a sami mai karɓa ba, aka ba wani mai magani filin. Har yau kakarki tana wanka ranar Laraba, ta yafa mayafi, ta kunna, ta ji wani yana ihu da Tonanci a kan ciwon baya, ta ɗan saurara ko za a canza, sannan ta kashe. Hausarta kuma, saboda tsufa, ta fara komawa inda ta aro ta. Irin kakarki suna nan cike da zangon Kumasi, maza da mata, kuma filin nan da za ki ce a'a a kansa ranar Litinin, nasu ne.

Za su yi miki dariya? Za su yi, har su kira su ƙara. Amma ji daga bakin 'yar kasuwa. Wanda ya tsaya yana kushe kaya shi ne mai saye, wanda ya ce “kai, yana da kyau” wucewa yake yi. Tsohon da ya kira don ya gyara miki kalma, mako mai zuwa zai kunna ya ji ko kin gyara, zai kuma tara abokansa su shaida shi ne malaminki. Tun ranar farko ki gaya musu, ke 'yar Mamobi ce, uwarki Bahaushiya ta hana ki yare, kin zo su koya miki. Ki faɗi sunana ma in kin so, na riga na yi suna a wannan fanni.

Ki ja gaisuwa da tsawo, kada ki yanke ta don agogo. Sunan mamaci ki tambaya har ki tabbata, don za a yafe miki karyayyen yare amma ba za a yafe miki binne mai rai ba. Ki gyara Tonancinki wurin mai abinci, ba wurin 'yan ofis ba. Mai gadin gidan rediyon, ko Bafarafare ne ko Bamoshe, ki koyi gaida shi da nasa yaren. Ban ce ki yar da Turanci ba. Takalmin fita ne, mai kyau kuwa, amma ba a kwana da takalmi. Ƙawayenki kuma, masu karanta Turanci sun fi masu ruwan leda yawa a garin nan, in ɗaya ta yi tari wata na tsaye a bayanta. Ba a kafa tebur inda kowa ke sayar da abin da kike sayarwa. Sai na ƙarshe, kafin ki buɗe baki a rediyo, ki waiga ki tabbata babu Anti Adiza a kusa.

Ni ma ban zauna ba. Kalmar nan ta kayayo yanzu ni ke fara jin ta, ni ke fara gudu. Kuma wata 'yar Togo mai kitso tana koya mini Faransanci. 'Yan Tudu ba su sani ba, kuma wannan karon zan gaya musu da bakina, da zarar na gama sarin salla.

Yanzu haka da nake rubutu, kakarki na kan tabarma. Ban gaya mata komai ba, babanki ma ya rantse bai faɗa ba. Amma ɗazu ta ce, “Mage, an ce wata yarinya mai shirin tafiya Kumasi tana tsoron bakinta. Zabarmancinta kamar jaki a kan matakalar bene, wannan gaskiya ne. Amma na fi son in ji jakin gidanmu yana tuntuɓe da in ji mai maganin ciwon baya.” Ta kuma sa an wanke farin mayafin, an sayo batir. Na ja babanki gefe na raɗa masa cewa tashar Kumasi ba ta kawowa Akra, sai dai mu kama ta a waya mu ɓoye wayar a bayan rediyon. Daga kan tabarma sai muka ji, “Mage, ce musu su sa wayar a baya, zan yi kamar ban gani ba. A gidan nan mun iya wannan.”

Litinin taki ce, Ummi, bakin ma naki ne. In kin ce a'a, ba zan yi fushi ba, amma ke za ki kira ki gaya wa mage da kanki. In kuwa kin karɓa, kika ji wata Hajiya Fati daga Kotobabi a kan layi, ki gaida ta da ladabi, kada ki gane ta.

Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya raba ki da sharrin baki, naki da na mutane, Ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoron Allah, Ya sa muryarki ta isa inda ƙafarki ba ta isa ba. Babanki na gaida ki. Gwaggonki Hawa na gaida ki, ta ce tafiyarki ba ta biyo tawa ba, alhamdu lillahi. Kada ki sa jiƙaƙƙen cokali a cikin shiton.

Wassalam.

Uwarki,
Lanti